Muhawara: Shin da gaske kowace mace tana son baƙo ya kira ta Hajiya?

Alhaji Sama'ila: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da magana guda da nake son mu tattauna, domin kwanakin nan ina yawan jin wasu daga cikin matanmu masu ilimin boko suna ƙorafi a kan yadda waɗanda ba su san su ba suke kiran su a kasuwa da kan hanya. Ra'ayina shi ne babu macen da ba ta jin daɗi idan baƙo ya ce mata Hajiya, ko Mama, ko Madam, kuma wadda ta ce ba ta so, a baki kawai take faɗa, amma zuciyarta tana so. Na tsufa ina sayar da atamfa da shadda a Babbar Kasuwar Yamai, kuma abin da nake fara koya wa kowane yaron shago shi ne kada mace ta tsaya a gabansa ya ce mata "ke". Idan babba ce ya ce Hajiya, idan tana goye da yaro ya ce Mama, idan ta yi shigar ma'aikata ya ce Madam. Ban taɓa ganin wadda ta juya ta fita saboda an girmama ta ba, amma na sha ganin wadda ta bar shagon maƙwabcina saboda yaronsa ya yi mata magana gatsau babu gaisuwa. Iyayenmu a Adar, can yankin Tawa, suna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ni ina ganin waɗannan sunaye suna cikin shimfiɗar fuskar. Wannan ƙorafi baƙo ne a wurinmu, daga waje aka kwaso shi.

Malama Rakiya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yarda da kai cewa "ke" daga bakin yaro rashin tarbiyya ne, kuma ba na jin akwai wadda za ta musa. Inda muka rabu shi ne inda ka ce ka san abin da ke zuciyar mace fiye da abin da bakinta ya faɗa. Rashin fitar mace daga shagonka bai isa shaida ba, domin ta zo sayen zane ne, kuma yawancinmu an tarbiyyantar da mu a kan kada mu tsaya jayayya da namiji a bainar jama'a a kan abin da za a ce mana ƙarami ne.

Bari in faɗi abin da ni nake ji idan aka ce mini Hajiya a kasuwa. Ban taɓa zuwa Makka ba, ina roƙon Allah ya kira ni, amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke biyo bayan kalmar. Idan na shiga kasuwar Katako ko ta Wadata da mayafi mai ɗan kyau, tun daga bakin ƙofa ake fara kira na, Hajiya ga tumatir, Hajiya ga albasar Galmi, Hajiya kawo in ɗauka miki. Mai albasa zai miƙe tsaye, ya karkaɗe buhun da zan zauna, ya tambayi lafiyar Alhaji da yara, sannan ya ce kashi ɗaya dala ɗari da hamsin, wato sefa ɗari bakwai da hamsin. Idan na koma gefe na aiki ɗiyar ƙanena da ke zaune wurina, wadda ba wanda zai miƙe mata, sai ta dawo da irin kashin nan a dala ɗari. Wannan abu ya maimaitu har na daina zuwa cefane da kaina sai dole. Saboda haka idan na ji Hajiya daga bakin mai saye da sayarwa, abin da nake fahimta shi ne ya duba mayafina da takalmina ya ƙiyasta abin da ke cikin jakata. Albashin malamar makaranta kuwa kowa a zauren nan ya san iyakarsa.

Akwai Hajiyar da nake jin daɗinta, kuma ya kamata in faɗe ta don kada a ce na yi rashin adalci. Ita ce wadda ba a neman komai a bayanta, kamar yaron da ya matsa mini a cikin faba-faba, ƙaramar bas ta haya, ya ce Hajiya zauna nan, ya juya fuskarsa ga taga bai ƙara cewa uffan ba. Kalmar ɗaya ce a wurare biyun, amma mace tana rarrabe su cikin ƙiftawar ido, kuma abin da nake roƙo shi ne a yarda cewa tana rarrabewa.

Isufu: Ina gaida Alhaji, ina gaida Malama. Ni direban taksi ne, kuma a rana ɗaya ina magana da matan da ban sani ba fiye da yadda mutane da yawa suke yi a mako. A nan dole in saɓa wa Alhaji kaɗan, domin na ga matan da ransu ya ɓaci a fili saboda sunan girmamawa. Wata rana na ɗauki wata daga Yantala za ta Harobanda, tana sanye da dogon hijabi, na ce mata Mama ina za ki sauka. Har muka hau gadar Kennedy ba ta ce komai ba, sai da ta zo biyan kuɗi ta ɗaga fuska ta ce, Malam, ka dube ni da kyau, na haife ka? Da na duba sai na ga ba za ta girme ni ba. Wata kuma na ce mata ƴammata, ta ce mini ɗanta na fari yana shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, in iya bakina.

Tambayata ga iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata ita ce, me kuke so mu ce? Mai taksi yana rage gudu ne kawai, mace ta leƙo ta faɗi unguwa, shi kuma ya amsa kafin na baya ya danna masa oda. Ba ni da lokacin sanin shekarunta, ko tana da aure, ko ta haihu, kuma hijabi da niƙabi sun sa ƙiyasin ya ƙara wuya. Shi ya sa na tsaya a kan Hajiya ga kowa, babba da yarinya, Bahaushiya da Bazabarma da Bafulatana, domin ita ce na ga ba ta cika jawo mini faɗa ba. Ban ce duk suna so ba, na ce dai ita ce mafi sauƙin haɗari.

Mariyama: Barkanku da war haka, iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma ina son in shigo da ɓangaren da ba a taɓa ba tukuna, wato na ƴan mata. Mu ba Hajiya ce ta fi yawa a kunnenmu ba. Abin da muke ji shi ne madamazal, ƴammata, ƙanwata, amarya, gimbiya. Kowace a cikinsu idan aka rubuta ta a takarda kalmar ladabi ce, ba wanda zai kai ƙara a kanta. Amma idan kina tafiya ke kaɗai bayan magariba, wani ya rage gudun babur ya daidaita da tafiyarki yana cewa ƙanwata salamu alaikum, kin riga kin san cewa abin da zai biyo baya shi ne ina ne gidanku, sannan ba ni lambarki. Idan kika amsa sallamar kin buɗe ƙofa, idan kika yi shiru sai ladabin ya juye nan take ya zama baƙar magana, a ce girman kai gare ki, ko a faɗi abin da ba zan iya rubutawa a gaban iyayena ba. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu gabanmu yake faɗuwa idan baƙon namiji ya fara da lafazi mai daɗi sosai, fiye da idan ya ce gafara kawai ya wuce.

Abu na biyu ya shafi ma'aikatu. Idan muka je karɓar wata takarda ni da abokin karatuna namiji, shi Monsieur ne kai tsaye, ko yana da mata ko ba shi da ita ba wanda ya tambaya. Ni kuwa sai an ɗaga kai an ce Madam ko Madamazal, wato sai na bayyana wa mutumin da ban sani ba, a gaban layin mutane, ko ina da miji, alhali takardar da na zo nema ba ruwanta da aure. Idan na ce Madamazal, wani lokaci sai murya ta sauya, a fara wasa da ni, a ce me ake jira. Ƙasar Faransa da muka aro kalmar daga gare ta ta cire madamazal daga takardun gwamnati tun watan Fabrairu na 2012, da umarnin firaministan lokacin, François Fillon, kuma Jamus ta daina amfani da irin tata kalmar a hukumance tun 1972.

Alhaji Sama'ila: Ɗiyata Mariyama, abin da kika faɗa game da masu babur gaskiya ne, kuma duk uba yana jin zafinsa. Amma wannan iskancin marasa tarbiyya ne, ba laifin kalmomin ba ne, kuma bai kamata a hana mutanen kirki ladabi saboda ɓata-gari sun ari bakinsu ba. Game da Faransa kuwa, ba ita ce alƙiblarmu ba, musamman a wannan lokaci. Mu a wurinmu aure daraja ne, kuma matar aure tana alfahari a san cewa tana da aure.

Mariyama: Baba Alhaji, ban kawo Faransa don mu bi ta ba. Ka ce ƙorafin ne aka kwaso daga waje, ni kuma ina nuna cewa raba mata gida biyu a bakin teburin ma'aikata shi ne aka kwaso daga waje, tare da makarantar boko da takardun mulkin mallaka. Ban ce a hana kowa ladabi ba. Na ce ne kawai jin daɗin ba tabbas ba ne kamar yadda ka ɗauka, domin mai furta kalmar ya san niyyarsa, amma wadda aka faɗa wa ba ta da hanyar sani sai ta jira abin da zai biyo baya.

Hajiya Zainabu: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma a matsayina na wadda ta girme ku duka sai Alhaji, zan faɗi nawa ko da ba zai yi wa ƴaƴana mata daɗi ba. A mafi yawan maganar ina bayan Alhaji. Na tashi a Tawa a gidan da ba a kiran sunan babba. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban ji ta furta sunan mahaifina ba, kuma ba ta kiran sunan yayanmu na fari. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta ba a kiran ta da sunan, sai a ce Inna, ko Iya, ko Mama, ko ma Hajiya, tun tana rarrafe. Wanda ya tashi a irin wannan gida, idan ya ce wa baƙuwa Inna ko Gwaggo, ya shigar da ita cikin danginsa ne, kuma ya ɗora wa kansa nauyin kada ya wulaƙanta ta. Ina ganin wannan kariya ce ga mace a garin da ba ta san kowa ba, kuma ba na so mu yi sakaci da ita.

Game da Hajiya, Allah ya nufe ni na sauke farali, kuma na san abin da na sayar kafin in biya kuɗin kujera. A shekarun nan kuɗin da hukumar alhazai ta COHO take sanarwa ya haura miliyan uku na sefa, kuma kujerun da ake ba Nijar duk shekara ba su kai dubu ashirin ba a ƙasa mai mutane fiye da miliyan ashirin da biyar. A zamanin kakanninmu ma da ƙafa ake tafiya ta Chadi da Sudan, mutum ya yi shekaru a hanya yana aiki yana ci gaba, wasu ba su dawo ba. Akwai ƙawayena da suke jin haushi idan suka ji an ce wa yarinya mai tallar ƙosai Hajiya, suna cewa an zubar da darajar sunan. Ni ba na cikinsu, ina ɗaukar sa a matsayin fata, kuma idan na ji sai in ce Allah ya amsa.

Abin da ke ɓata mini rai daban ne, kuma ba wanda ya ambace shi. Shi ne in je asibiti, yaro sa'an jikana ya leƙo daga ƙofa da takarda a hannu ya ƙwala sunana tsirara, Zainabu wance, ko ya ce ke tsohuwa matsa can. A ranar 13 ga Mayu 1991 ina cikin matan da suka fito titunan Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Taron Ƙasa da zai tattauna makomar siyasar Nijar, kuma ba mu koma gida a banza ba, an ƙara mata a kwamitin, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Yawancinmu a lokacin da sunan mazajenmu ake kiran mu, Madam wane, kuma hakan bai hana mu buɗe baki ba. Shi ya sa nake ce wa ƴaƴana ku yi hattara, kada garin ƙin Mama da Madam ku wayi gari ana kiran ku da "ke".

Salamatu: Inna Hajiya, Allah ya ƙara girma, kuma mun gode da abin da kuka yi mana a 1991. Ina neman izini in faɗi abin da ya yi mini nauyi, domin na daɗe ina jin sa ban samu wurin faɗa ba. Na yi aure shekaru masu yawa Allah bai ba ni haihuwa ba. Mama daga bakin baƙo ba ta tsayawa ita kaɗai, kusan kullum tana zuwa da ƴar rakiya. A wurin suna ko biki, matar da ban sani ba za ta zauna kusa da ni ta ce sannu Mama, Maman wa ake ce miki? A shagon magani a ce Mama ya yara. Mai faɗa bai yi nufin komai ba sai alheri, na sani sarai, amma ni sai in zaɓa tsakanin in ce lafiya lau in haɗiye, ko in yi wa baƙo bayanin abin da ni da mijina muke kai wa Allah kuka a kansa cikin dare. Na kan zaɓi na farko, in yi murmushi, kuma na tabbata wanda ya ga murmushin zai tafi yana cewa ya faranta mini. Wannan shi ne irin shaidar da Alhaji yake gani a shagonsa.

Sai maganar Madam wane. Ina aiki a wata ma'aikata inda takardun mata suke bi ta hannuna, kuma ina ganin abin da ke faruwa idan aure ya mutu. Mace ta yi shekaru ana kiran ta da sunan miji, abokan aiki da baƙi duk da shi suka san ta, har a kan ƙofar ofishinta shi ne a rubuce. Ranar da aka sake ta, sai ta zaɓa tsakanin ta ci gaba da amsa sunan mutumin da ya kore ta, ko ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana gyara musu, wanda daidai yake da shelar sakin. Idan ta sake aure a sake sabon suna. Namiji kuwa da sunan da aka raɗa masa da na mahaifinsa zai shiga kabari. Ko matar da ta fara tsayawa takarar shugaban ƙasa a nan, a zaɓen 2011, jaridu Madam Bayard Mariama Gamatié suke rubutawa, sunan miji a gaba. A ƙauyukanmu na Adar ba haka ake yi ba, mace ɗiyar wane ce har ta tsufa, ko ta yi aure sau nawa.

Malam Abdulƙadiri: Allah ya saka wa kowa da alheri, kuma Allah ya share hawayenki, Malama Salamatu. Zan taɓa ɓangaren addini a taƙaice, domin kowane ɓangare a muhawarar nan yana da abin riƙewa a cikinsa. Alhaji yana da hujja a aya ta 83 ta Suratul Baƙara, inda aka yi umarni da a faɗa wa mutane kyakkyawar magana, kuma girmama babba da tausaya wa ƙarami abu ne da hadisi ya ƙarfafa. Amma aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da laƙabi, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa abin da aka hana shi ne kiran mutum da sunan da yake ƙi. Ma'aunin ke nan yana wurin wanda ake kira. Idan mace ta ce wannan suna yana sosa mini rai, ba ya halatta in ce mata a'a, ni na san kina so.

Abin da Malama Salamatu ta faɗa game da sunan miji yana da tushe mai ƙarfi, domin aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta ce a kira mutane da sunan iyayensu maza, kuma matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sunan iyayensu aka san su: A'isha ɗiyar Abubakar, Hafsa ɗiyar Umar, Safiyya ɗiyar Huyayyu. Akwai kuma wani abu da nake so a lura da shi. Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma ta nuna wa Annabi cewa sauran matan suna da alkunya ita ba ta da ita, sai ya ce ta yi alkunya da Abdullahi, ɗan ƴar uwarta Asma'u, aka riƙa ce mata Ummu Abdillahi. Abu Dawuda ya ruwaito wannan. Abin da nake ɗauka a ciki shi ne ita ce ta faɗi damuwarta, aka saurare ta, aka ba ta sunan da ta yarda da shi. Game da Hajiya da Alhaji kuwa, sahabbai sun yi hajji ba a kira su da wannan laƙabi ba, al'ada ce ta bayansu, saboda haka ba na ganin zunubi ga wanda ya faɗa don girmamawa, kuma ba na ganin laifi ga wadda ta ce a bari sai ta je.

Alhaji Sama'ila: Malam, na ji ayoyin kuma ba ni da ja a kansu. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mafi yawan matan da ke shigowa kasuwa suna so, kuma waɗanda suka yi magana a nan masu karatu ne, ba su ne matan ƙauyukan Bagga ko Bambai da ke zuwa sayen kayan aure ba. Kuma ba wanda ya amsa tambayar Isufu. Yaron shagona ba zai tsayar da mace ya yi mata tambayoyi kafin ya gaishe ta ba.

Hadiza: Alhaji, ni ungozoma ce, kuma matan karkara da kake magana a kansu su ne nake wuni da su, domin na yi aiki a wajen Keita da Buza kafin a dawo da ni Yamai. Su ma suna da abin da ba sa so, sai dai ba a wurinka za su faɗa ba. Yarinya mai cikin fari takan sunkuyar da kai idan aka ce mata Mama a gaban surukarta, saboda kunyar ɗan fari, kuma wadda ta yi ɓari ko ta haifi ɗa babu rai ba ta son jin kalmar ko kaɗan a ranakun nan. Madam kuwa da yawansu suna jin ta kamar ana yi musu ba'a, domin a saninsu Madam ita ce matar ma'aikaci ko malamar lakkwal, wato makarantar boko. Abin da na ga suna sakin jiki da shi shi ne baiwar Allah, ko ƴar uwa, ko Yaya idan ta girme ni kaɗan, ko Inna idan ta haife ni a fili ba sai an yi ƙiyasi ba.

Amsata ga Isufu ita ce gaisuwar Hausa tana iya tsayawa da ƙafarta ba tare da laƙabi ba. Salamu alaikum, ina wuni, ina za a sauka, duk ladabi ne cikakke, kuma "ku" ko "a" maimakon "ke" sun isa su nuna girmamawa ba tare da ka faɗi shekarunta ko aurenta ba. Inda zama zai yi tsawo, kamar ɗakin awo ko ofis, sai a tambaya. Ni ina duba sunan da ke kan katin awo in ce mata, a gida da wane suna ake kiran ki? Sau da yawa sunan da za ta faɗa ba shi ne a katin ba, kuma daga lokacin take fara gaya mini gaskiyar abin da ke damun ta.

Malama Rakiya: Ina goyon bayan Hadiza, kuma ina da ƙari game da ma'aikatu. Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, wata rana za a zauna a tsara yadda za a rubuta wasiƙu da takardun hukuma da Hausa. Ina fata a ranar a ɗauki Malam da Malama, domin Malama ba ta tambayar aure, ba ta tambayar haihuwa, ba ta ƙiyasta shekaru ko dukiya, kuma daidai take da abin da ake ce wa namiji. Maƙwabtanmu na Kano da Sakkwato sun daɗe suna amfani da ita haka a makarantu da gidajen rediyo.

Isufu: Malama, a Kano haka ne, amma a nan idan na ce wa mace Malama, sau da yawa sai ta ce mini ita ba ta koyar da allo, domin kunnen mutanenmu ya saba da cewa Malama mai karantar da addini ce. Fasinjojina kuma ba duka Hausawa ba ne, akwai Zabarmawa, akwai matan Togo da Benin da ke kasuwanci a nan, waɗanda Tanti ko Madam suka sani. Zan gwada shawarar Hadiza ta gaisuwa ba laƙabi ga waɗanda ban iya ƙiyasta su ba, amma tsohuwar da ta kai mahaifiyata ba zan iya buɗe mata ƙofa ban ce Inna ba, bakina ba zai yarda ba.

Hajiya Zainabu: Kada ma ya yarda, ɗana. Rakiya, ban ƙi Malama a takarda ba, ta fi Madamazal nesa ba kusa ba, kuma abin da Salamatu ta faɗa ya taɓa ni, domin ina da ƙanwa mai irin jarrabawarta kuma ban taɓa tambayar ta yadda take ji ba sai yau da zan kira ta. Amma a baki, idan yaro ya ce mini Malama kamar yadda zai ce wa jikata Mariyama, zan ji ya daidaita ni da ita, kuma furfurar nan ba a rana ɗaya ta fito ba. A rubuta Malama a wasiƙa, a bar mini Inna a kan hanya.

Salamatu: Inna, wannan haƙƙinki ne, kuma ni ma Inna zan ci gaba da ce miki. Roƙona ga masu tsara takardun shi ne idan sun rubuta Malama, su bi ta da sunan mace da na mahaifinta kamar yadda yake a takardar haihuwarta, gurbin sunan miji kuma a bar shi ga takardun da suka shafi aure da gado kaɗai.